Surajo Mai Shafin Mamata

A kasuwar Kwanar Ɗangora aka fara cewa Surajo yana sayar wa Turawa gawa. Kafin maganar ta kai Ɗansoshiya ta yi ƙiba. Wai yana da firji mai ɗaki uku a bayan gidansa, wai da waya yake auna mamaci, mai jiki kuɗinsa daban, ramamme daban. Wai har wata tsohuwa a Bebeji ta bar wasiyya in an binne ta a sa wa kabarin kwaɗo. Wani direban Doguwa kuwa rantsuwa ya yi cewa da idonsa ya ga jirgi ya sauka a gonar masara da tsakar rana ya ɗauki kaya ya tashi.

Duk ƙarya ce, kuma ni zan fi kowa sani, don taubashina ne, ɗan ƙanin mahaifiyata, tabarma ɗaya muka yi wa fitsari. Surajo ba shi da firji. Fankar ɗakinsa ma sai an zungure ta da kara take juyawa. Bai taɓa sayar da gawa ba. Labarinta kawai yake sayarwa, tun tana da ɗumi.

Ga yadda sana'ar take. Yana da shafi a intanet. Duk wanda ya rasu daga Bebeji har Riruwai, sai ya sa hotonsa da sunansa da lokacin jana'iza. A ƙarƙashin hoton akwai ɗan fili da ya bar wa wani kamfanin talla. Kamfanin ke zuba abin da ya ga dama a ciki, yau katifa, gobe man shafawa, jibi tikitin jirgi. In mai karatu ya danna tallar, a jefa wa Surajo 'yan kwabbai. In bai danna ba, Surajo ya yi ta'aziyya kyauta, kuma ba abin da ya tsana a duniya kamar wannan.

Yana rarrafe uwarsa ta rasu. Goggo Hussaina, yayar ubansa, ita ta ɗauko shi ta goya. Ita ce ta haife ni, amma kowa Goggo yake ce mata, har mu 'ya'yanta. Ta shagwaɓa yaron nan har abin ya yi yawa. Furarsa ta fi tamu nono, in mun yi faɗa ni ake duka, in ya yi tari a yanka kaza. Ni na tsaya a aji uku na sakandare, shi aka tura Kano ya yo difloma, ya dawo da tabarau alhali idonsa na hango allura daga Kiru.

Ya sayar da taki, damina ta wuce ta bar shi da buhuna. Ya buɗe shagon cajin waya, janareto ya ƙone wayoyin unguwa guda. Sai ya buɗe shafi na farashin hatsi, yana yawo kasuwa-kasuwa yana tambayar tiyar masara da ta shinkafa. A wata guda mutum goma sha ɗaya suka shiga, bakwai daga ciki shi ne.

Rannan wani mahauci a Tudun Wada, Ɗantani, ya faɗi a rumfarsa ya cika. Surajo ya sa hotonsa a shafin don tausayi kawai. Kafin la'asar shafin ya cika ya batse. Ashe duk mutanenmu da ke Legas da Fatakwal da Abuja da Jidda, masu gadi da masu tura ruwa da 'yan acaɓa, ba farashin masara ke damunsu ba. So suke in sun buɗe waya su san wa ya rage a gida. A ranar Surajo ya goge masara, ya kama mutuwa hannu biyu.

Ya kuwa iya ta. Masu haƙa kabari daga Kiru har Doguwa ba wanda ba ya tura wa katin waya. Mai sayar da likkafani a kasuwar Kiru in ya yanka yadi, kafin ya naɗe ya kira shi. In ana biki ko suna, kowa na ɗaukar amarya da jariri, Surajo na bin tsofaffi yana cewa, "Baba, ɗan gyara hula." Da tsofaffi suka gane abin da yake tarawa, in ya shigo taro sai ka ga mai shekara tamanin ya tsallake benci. Sannan ya matso da tallar daf da wurin da ake rubuta "Allah ya jiƙansa", yadda duk mai kaurin yatsa, ko wanda hawaye ya rufe wa ido, zai zame ya faɗa kanta. Ana zaginsa a kowace majalisa. Masu zagin su ne masu fara buɗe shafin da safe. Ya sayi babur, ya yi aure, ya sa wa ɗakinsa silin.

To a danginmu, tun kafin a haife mu, Goggo ce mai kai labarin mutuwa. Ba naɗa ta aka yi ba, amma ba mai shiga mata gaba. In an yi rasuwa, kafin a ɗora ruwan wanka an aiko mata. Ita ke zaɓar wanda za a fara gaya wa, da wanda za a bari sai ya ci abinci, da wanda za a ce wa "jikin ya ɗan matsa, ka taho a hankali", wato mai ciki da mai hawan jini da wanda ke kan hanya. In ta shiga gida sai ta nemi ruwa ta sha, ta tambayi yara ɗaya bayan ɗaya, ta yi zancen damina, har sai mai gidan da bakinsa ya ce, "Goggo, wa muka rasa?" Takan ce mutum shi ya kamata ya tako ya iske labarin da ƙafarsa, ba a jefo masa a ka ba.

Shekara biyu tana kawar da kai daga sana'ar ɗan goyonta. Sai Malam Mu'azu na Burumburum ya rasu, wanta, kuma wan mahaifin Surajo. Da hantsi ne, ranar Talata. Babban ɗansa Mujitaba direban tirela ne, ya ɗauko kaya daga Legas, ya tsaya cin abinci a Mokwa. Goggo ta sa aka kira mata shi.

"Mujitaba, jikin Malam ya ɗan matsa. Ka ci abincinka, ka taho a hankali, ban da gudu."

"To, Goggo. Ku gaishe shi."

Ya ajiye waya ya sa hannu a kwano. Bai kai loma ta biyu ba wani direba ɗan Kiru ya miƙo masa tasa wayar yana cewa, "Ashe Malam lokaci ya yi. Allah ya jiƙansa." Ga hoton ubansa da rawani. Ga katifa a ƙasa, da wata mata kwance a kai tana murmushi.

Surajo yana zauren gidan mamacin ya sa labarin, minti tara da cikawarsa. A ransa ya ce in bai sa ba wani shafin zai sa, kuma Baffansa ne, wa ya fi shi iko da shi? Mujitaba ko kusa bai faɗo masa ba.

Mujitaba ya sake kiran Goggo. Kalma uku ya faɗa ya kashe: "Goggo, har ke?" Shekara arba'in tana wannan aiki ba wanda ya taɓa kama ta da ƙarya a hannu. Ya bar tirela da kayan mutane a Mokwa, ya yi ta canjin mota, ya iso washegari ana zaman makoki. Bai zauna ba, bai karɓi gaisuwa ba.

"Ina mai shafin?"

Surajo ya miƙe daga tabarma. "Yaya, sannu da hanya. Ya haƙuri?"

"Nawa ka samu a kan ubana?"

"Yaya, wallahi ba ni ke zaɓar tallar ba, kamfanin ne yake..."

"Na tambaye ka wa ya zaɓa? Na ce nawa ka samu?"

Marin da ya biyo baya, an ce birai a dajin Falgore sai da suka watse. Tabarau ya tashi sama, ya sauka cikin kwanon gumbar sadaka. Ba wanda ya riƙe Mujitaba da wuri. Ni ina kusa, amma ƙafata ta yi tsami a lokacin.

Goggo ba ta taɓa shi ba. Aikowa ta yi ya shigo tsakar gida, inda mata suka cika maƙil. Ya durƙusa, kunci a kumbure.

"Surajo."

"Na'am, Goggo."

"Na goya ka?"

"Kin goya ni."

"To ku da ke nan ku shaida. Ranar da na mutu, kada wanda ya gaya wa yaron nan sai an dawo daga maƙabarta. Kada ya yi min salla, kada ya taɓa makarata. Ya gani a waya, kamar kowa."

Marin ya warke a kwana huɗu. Wannan kuwa ta zauna masa a ƙirji. Ya aika mata buhun shinkafa, ta ce a mayar, ni na mayar, ina fito a hanya. Ya aika atamfa, ta ce ba ta ɗaura likkafanin wasu. Ya roƙi limamin unguwa ya je ba da baki. Goggo ta saurare shi har ya gama, sannan ta ce, "Allah gafarta Malam, an ce hotonka ma yana wurinsa, na ranar ɗaurin auren Ruqayya. Ka ga ko ya yi kyau?" Liman ya sha ruwa ya yi sallama, kuma tun daga ranar in Surajo ya shigo sahun gaba sai ya ja rawani ya rufe rabin fuska.

Sai ya fara gyara sana'ar. Ya ɗauke tallar daga bakin wurin addu'a ya kai ta can ƙasa. Ya daina sa mamaci sai an binne, sai kuma dangi sun yarda. Wasu samari a Tudun Wada suka buɗe nasu shafin, ba sa jiran kowa, suka kwashe masa rabin jama'a. Matarsa Shamsiyya ta ce masa ita ba ta ga amfanin mutum ya yi baƙin jini kuma ya yi talauci a lokaci guda ba, ya zaɓi ɗaya. Amma kada ku ɗauka waliyyi ya zama. Bai rufe shafin ba, bai goge hoton tsoho ko ɗaya ba.

Duk Juma'a yakan zo gaida Goggo. An ajiye ƙwarya a zaure, nan yake zuba wayarsa kafin ya shiga, kamar mai shiga kotu. Goggo ta amsa gaisuwar tana kallon bango. In yana tafiya a babur ya hango maza uku sun nufi lungunmu tare, sai ya taka birki ya bi su da ido har ya ga sun wuce ƙofar. Mutumin da ke riga dangin mamaci jin mutuwa, shi ne zai zama na ƙarshe a tata. Har Bature, mai haƙa kabarin Ɗansoshiya, ya samu a gefe ya roƙa.

"Ko kira ɗaya ka yi ka kashe, zan gane."

"Ta riga ka zuwa," in ji Bature. "Da ƙafarta ta zo har gida. Ta ce in na yi maka ko tari ba ta yafe ba. Ka riƙe katinka."

Bara da damina hawan jini ya kayar da Goggo. Kwana uku tana asibiti, aka sallamo ta da sharaɗin ban da gishiri, ban da labari mai tayar da hankali. Tana kwance a ɗaki, mata na shiga da fita. Surajo ya rame ya koma kamar karan dawa. Kullum sai ya ratsa lungun sau biyar, wai hanyar kasuwa ce.

Ana cikin haka, ran kasuwar Tudun Wada da hantsi, wayarsa ta yi ƙara. Daga Riruwai ne. Hajiya Safara'u ta rasu.

Hajiya Safara'u aminiyar Goggo ce tun suna 'yan mata suna zuwa rafi tare, aure ya kai ta Riruwai. 'Ya'yanta dillalan ma'adinin kuza ne, an san su daga Jos har Legas. Irin wannan rasuwa ita ce lokacin girbin Surajo, rana ɗaya ta fi masa wata guda. Hoton yana da shi tun wani suna shekara biyu baya, ta sha mayafi mai ruwan toka. Kuma babban ɗanta da kansa ya ce a sa tun kafin a binne, don jama'a su ji. Ba abin da ya rage sai ya danna.

Ya tsaya a bakin rumfar masu rake, yatsa a sama. Ya san gidanmu. Matan da ke tsine masa su ne ke buɗe shafinsa su karanta wa juna a tsakar gida, taga ɗakin Goggo a buɗe. In ya sa, kafin minti goma wata za ta rafka salati. In bai sa ba, samarin Tudun Wada za su sa kafin azahar, salatin dai za a yi. Sai ya kira ni.

"Sagir, ka karɓe wayoyin matan gidan nan duka, yanzu. Hajiya Safara'u ce."

"Ni yaronka ne?"

"Ka karɓe, sannan ɗayanku ya shiga ya gaya mata a hankali."

Wayoyin na karɓe, na ce za a yi musu rajista ne. Shiga kuwa, mu huɗu Goggo ta haifa, aka rasa mai shiga. Yayanmu ya ce shi bakinsa ba ya riƙe magana. Khairat ta ce ita tana buɗe baki kuka za ta yi. Ni kuma na tuna ina da masarar dubawa a bayan gari.

Surajo ya taho daga Tudun Wada cikin caɓi, ya faɗi sau biyu, ya iso wando duk laka. Da kansa ya jefa wayar a ƙwarya. Ya yi sallama a ƙofar ɗakin, ya shiga ya zauna a ƙasa. Abin da ya biyo baya Khairat ta ji shi duka, don kunnenta na jikin labule.

"Goggo, ina wuni? Ya jiki?"

"Da sauƙi. Ban mutu ba, kana iya komawa."

"A ɗan ba ni ruwa."

Goggo ta juyo daga bango. Rabonta da ta dube shi ido da ido shekara guda da wata biyar. Aka kawo ruwa ya sha. Ya ce masarar Tudun Wada ta yi goyo, ya ce takin bana sai mai hali, ya tambayi akuyar da ta haihu. Goggo na kallonsa, ba ta taimake shi da ko kalma ɗaya ba, har zancen ya ƙare masa.

"Na ji an ce jikin Hajiya Safara'u ya ɗan matsa."

Goggo ta tashi zaune.

"Yaushe?" in ji Goggo.

"Da hantsi."

"An kai ta?"

"Sai bayan la'asar. Ana jiran na Jos."

Ta yi innalillahi a hankali, sau uku. Ta ja gefen mayafi ta rufe fuska, ta daɗe a haka. Shi kuma yana zaune yana kallon lakar ƙafarsa, yana jiran ko dai ta faɗi ko ta kore shi. Da ta buɗe fuskar sai ta ce, "Ka sa a abin naka?"

"Ban sa ba."

"Me ya hana ka?"

"Ba ki ji ba tukuna."

Ta gyara mayafi. Sannan ta ce, "Ka yi saurin shan ruwan. Kuma ba a tambayar akuya kafin a tambayi yara. Kuma tun daga ƙofa fuskarka ta gama faɗa, da mai ciki ce da ka zubar mata."

"To, Goggo."

"Maganar da na yi a Burumburum, a gaban mutane na yi ta."

"Na sani."

"A gaban mutane zan gyara. A gaya maka, ka yi min salla. Makara kuwa ba tawa ba ce yanzu, sai Mujitaba ya yarda. Shi ka yi wa laifi, ka je ka same shi. Tashi ka wanke ƙafarka, ka ɓata min tabarma."

Ya fito yana goge ido da hannun riga, wai laka ce ta shiga. Lokacin na dawo daga bayan gari, ina zaune a zaure, na miƙa masa ƙwaryar. Ya buɗe waya. Samarin Tudun Wada sun sa Hajiya tun awa guda da ta wuce, jama'a sun yi dafifi a can, har na Jidda sun gama addu'a sun watse. Ya daɗe yana kallo, haƙoransa a cije, don in ce bai ji zafi ba na yi ƙarya.

"Kai, taubashi, an yi maka sata da rana," na ce. "Hajiya sukutum ka bayar a kan kabbara huɗu, kuma ko makarar ba a ba ka ba. Shamsiyya za ta yi murna. Amma kada ka damu, ni na yafe maka kaina. Ranar da na mutu ka sa ni tun ban yi sanyi ba, ka jera talla sama da ƙasa, ka fanshe."

Ya sa wayar a aljihu, ya dube ni tun daga hula har silifa.

"Wa zai danna? Mutumin da aka ce ya shiga ya yi wa uwarsa magana, ya gudu duba masarar da bai shuka ba. Kai in ka mutu, Sagir, kyauta zan sa ka, kuma sai na yi wa mutane bayanin ko wane ne."